Macijin da Safta Ta Ƙi Binnewa

"Ke, wai me Safta take yi da kafur ne? Jiya ma sai da ta sake saye."

"Asu ne ya shiga mata kaya mana."

"Wane irin asu? Ran Lahadi na tsaya kusa da ita a coci, har sai da idona ya kawo ruwa."

"Ni abin da ya fi ɗaure min kai, wai ta hana tsohon nan hawa tsani. Gavril fa! Mutumin da ya yi wa rabin gidajen garin nan rufi."

"Ko ciwo gare shi suke ɓoyewa?"

"Shi? Ita dai. Ba ki ga wuyanta ba? Duk ta zube."

"Yi shiru, ga maƙwabciyarta nan."

Ni ce maƙwabciyar. Na karɓi gishirina a hannun mai kanti, na gaishe su, na wuce. Na san abin da Safta take yi da kafur, amma ta sa na rantse a gaban gicciye ba zan faɗa ba.

Shingen katako ne kawai tsakanin gidana da nata, a ƙauyenmu da ke gindin dutse. Ita ta riƙe ɗana ranar baftismarsa, don haka Goggo nake ce mata. 'Yar ƙaramar mace ce, mai manyan hannuwa kamar na maza. Ƙuruciyarta a gonar taba ta gwamnati ta ƙare, tana tsinkar ganye, tana jera shi a zare, tana shanyawa. Da gonar ta rushe sai ta zama wadda ake aika wa in haihuwa ta yi wa saniya gardama, ko in an yi mutuwa ana neman mai wanka. Ta taɓa wanke wata gawa da ta kwana a rafi, 'yan'uwan mamacin suna waje suna amai. Ban taɓa ganin hannunta ya yi rawa ba.

Ta sha ba ni labarin ranar da aka kawo ta gidan Gavril tana amarya. Kafin a nuna mata ɗakin kwana, surukarta ta ja ta zuwa dokin ƙofa, ta nuna mata wani ɗan rami a gindin bango.

"Masu gidan suna nan ciki," in ji tsohuwar. "Mu duka baƙi ne. Kullum ki zuba musu madara, kuma kada tsintsiyarki ta kusanci ramin nan."

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san zancen. Kowane gida da macizansa biyu a cikin bango, namiji da mace. Ba sa sara, ba sa son a gan su. In namijin ya mutu, maigida ba zai ga ƙarshen shekara ba. In macen ce, to matar gida. Matasa suna dariyar abin, amma ban ga wanda ya taɓa ɗaga sanda a kan macijin gidansu ba. Safta kuwa ba ta taɓa fashin madarar nan ba, ko da yake na sha ganin kyanwarsu tana fitowa daga wurin tana lasar baki.

Ana sauran 'yan kwanaki Ista, kowace mace tana shafa wa ɗakinta farar ƙasa, na ji ta kira ni ta shinge. Ba da irin muryar da ta saba ba.

"Ilinka. Zo."

"Goggo, hannuna duk ƙullu ne."

"Zo da ƙullun."

Na same ta durƙushe a bayan babban murhun tubalin da ke ɗumama musu ɗaki. Ta janye akwatin gari don ta shafe bango, sai ga shi a lungu, tsakanin tubali da katako. Ɗan maciji ne, ya nannaɗe kamar awarwaro, ya bushe ƙayau. Ɗigo biyu masu ruwan ɗorawa na bayan kansa suna nan ba su dushe ba. Idanun sun lotsa ciki. Bakin a ɗan buɗe yake.

Na yi alamar gicciye. "Ina Baba Gavril?"

"Yana wajen ƙudan zumansa. Rage murya."

Ta sa tafin hannu ta ɗauko shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar busasshen ganye.

"Wanne ne?" in ji ta.

"Goggo, ni ina zan sani?"

"Duba dai. Idonki ya fi nawa."

Na duba sama, na duba ƙasa. Maciji ne kawai.

"A binne shi," na ce. "Ki naɗe shi a farin ƙyalle, ki kunna kyandir, a gindin tuffa. Haka kakata ta ce ake yi."

"Kakarki ta gaya miki abin da ke biyo baya? Gidan Nastasa sun binne nasu da kaka, kafin ƙanƙara ta narke ni na wanke mijinta." Ta rufe shi da ɗaya hannun. "In na sa shi a ƙasa, na yarda ke nan. In na tsohon nan ne, na haƙa masa kabari da hannuna. In nawa ne, wa zai dafa masa? Mutumin da ko ƙwai bai iya dafawa ba."

"To ya za ki yi da shi?"

"Yana nan cikakke, ko ɓawo ɗaya bai faɗi ba. Muddin yana cikin gidan nan bai lalace ba, to bai tafi ba."

Na so na ce mata ta je wajen Fada, limamin cocinmu. Ta riga ni: Fada zai ce ta jefa shi a wuta ta yi azumi, shi ba a gidan yake kwana ba.

Yadda ta san taba, haka ta yi masa. Ta share ƙurar jikinsa da gashin agwagwa. Ta narka kakin zuma, ta jira ya huce har ya kusa daskarewa, ta shafa masa siriri don kada fatar ta tsage. Ta samo wani ɗan akwatin cokula na katako, ta shimfiɗa gishiri a ƙasa, ta ɗora ganyen taba saboda ƙwari, ta kwantar da shi a kan hankici, ta zagaye shi da kafur da busasshiyar ɗoɗɗoya. Sannan ta buɗe babban akwatin da ke ƙarƙashin taga, inda ta adana kayan da za a sa musu ranar da suka mutu, ita da Gavril, ta tura shi can ƙasa.

Daga ranar Gavril ya shiga uku. Dogon mutum ne mai son wasa, kafinta, ga shi da amyar zuma a bayan gida. Ina jiyo su ta shinge.

"Ke tsohuwa, ina gatarina?"

"Na ba da aro."

"Wa kika ba?"

"Wanda ya fi ka hankali. Zauna, ni zan faskara."

"Jiya tsani, yau gatari. Gobe kuma cokali za ki ɓoye kada na soke idona?"

"In ka ci gaba da surutu, har shi."

"Ko dai wani saurayi kika yi, kike so na yi ƙiba na kasa bin sa da gudu?"

Da can da ta mayar masa da wadda ta fi wannan zafi. Yanzu sai kawai na ji ta shige ɗaki.

Bazarar ta zo da ruwa, kwana da kwanaki ba rana. Wata safiya ta kira ni, ta kulle ƙofa, ta buɗe ɗan akwatin. Fumfuna ta fito a cikin macijin, fara-fara, daidai inda za a ce ƙirji ne.

"Ji," in ji ta.

Na kasa kunne. Daga can bayan gida Gavril yana tari, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji.

"Goggo, ruwa ne ya doke shi shekaranjiya. Kowa tari yake a garin nan."

"Jiya da safe ba fumfuna, ba tari."

Ta goge fumfunar da auduga da 'yar barasar da Gavril ke dafawa, ta canza gishirin, ta ajiye akwatin kusa da murhu har ya sha ɗumi. Kafin mako ya zagayo tarin ya tafi. Ni kaina daga nan na daina yi mata gardama. Wata rana kuma tana juya shi, ɗan ƙarshen wutsiyar ya ɓalle a hannunta, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ta liƙa shi da kaki, ta wuni tana bin ƙafafun Gavril da kallo. Da yamma ya yi tuntuɓe a bakin rijiya, farcen babban yatsansa ya fita. Ya shigo yana ɗingishi yana zagin dutsen, ita kuwa ta zauna a ƙasa, tana kallon yatsan.

Ta daina cin abincin kirki. Takan yanka tuwon masara da zare yadda muka saba, ta tura masa nasa da cuku, ta zauna tana kallon yadda yake haɗiya. Da aka yi mutuwa a unguwar sama aka aiko mata, ta ce ba ta da lafiya. Wannan ne karo na farko da aka wanke gawa a garin nan ba hannunta.

A cikin wannan hali labari mai daɗi ya iso. 'Yarsu ɗaya tilo, Domnika, wadda take aikin kula da tsofaffi a Italiya, ta haifi namiji bayan ta daɗe tana nema. Ta ce ba za a yi masa baftisma a can ba, sai a cocin da aka yi mata, za su zo ƙarshen rani. Gavril ya zagaye gari da kwalba yana shayar da duk wanda ya tsaya. Ya fito da katakon da ya daɗe yana ɓoyo, ya fara sassaƙa gadon jariri. Safta ma ta yi dariya ran nan, har na ce a raina ta samu sauƙi.

Amma tambayar ba ta bar ta ba. Ranar da likitan dabbobi ya zo yi wa shanu allura, ta sa ɗan akwatin a kwando, ta rufe da tawul, ta ce na raka ta. Muka jira har mutane suka watse. Dokta Horia saurayi ne mai fara'a, yana wanke hannu a bokiti.

"Goggo Safta! Me saniyarki ta yi kuma?"

"Saniya lafiyarta ƙalau. Ɗana, kai da ka yi karatu, ana gane namijin maciji da mace?"

"Ana ganewa, ta wutsiya. Kiwonsu za ki fara?"

Ta buɗe. Ya sunkuya, ya yi ɗan fito.

"Kai, wa ya gyara shi haka? Ko a makarantarmu ba a adana su da kyau kamar wannan."

"Namiji ne ko mace?"

Ya juya akwatin wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

"Gaskiya ba zan iya cewa ba, Goggo. Ya yi ƙanƙanta. Wannan ai jariri ne, bai daɗe da fita daga ƙwai ba. Ɗumi ya biyo ya shiga bayan murhu, ya rasa hanyar fita." Ya dube ta, ya yi murmushi, don shi ma ɗan ƙauye ne, ya san zancen. "Kwantar da hankalinki. Ba na Baba Gavril ba ne, ba naki ba ne. Manyan suna nan cikin bango lafiya lau. Wannan ɗansu ne kawai."

Taimako ya yi niyya. Na ga fuskar Safta ta koma launin toka. Ta rufe akwatin a hankali, ta yi masa godiya, muka kama hanya. Sai da muka wuce gada ta yi magana.

"Jariri," in ji ta. "Ilinka, jariri nawa gare mu?"

"Goggo, kakanni ba su taɓa cewa komai a kan ƙananan ba."

"Don ba su taɓa tsintar ɗaya ba."

Ta yi lissafinta ita kaɗai. Yaron bai taɓa ƙetare dokin ƙofarta ba, ba a yi masa baftisma ba, gidan bai san shi ba tukuna. In bai shigo ba, ba abin da zai same shi. Ta zo gidana ta ari wayata, don kada Gavril ya ji.

"Domnika, kada ku zo bana." Ina jin muryar yarinyar tana tashi daga can. "Na ce kada ku zo. Rufi yana yoyo... To uban naki ya tsufa, bai gyara ba... Ba coci a can ne? Ku yi a can." Ta saurara, ta runtse ido. "E, ba na son hayaniya. Na gaji. Na yi rainona na gama, ba zan yi na wani ba."

Ta miƙo min wayar, ta zauna a kan bencina, ta ja ɗankwalinta ta rufe fuska. Matar da ta saƙa wa yaron nan safa tun yana ciki.

Domnika ta gaji uwarta wajen taurin kai. Ta kira ubanta, shi kuma ya ce mata uwarta zafin rani ne ya taɓa ta, su taho abinsu. Bai gaya wa Safta ranar ba sai da safiyar ta zo, suna kan hanya daga filin jirgi.

Ina ɗakinsu a ranar, ya roƙe ni na zo na taya ta toya burodi. Safta tana tsaye a bakin murhu kamar an dasa ta. Shi kuwa ya yi aski, yana ta waƙa, ya ce zai tari jikansa da kwat ɗinsa mai kyau. Kwat ɗin kuwa ɗaya ne gare shi, na biki da na kabari. Kafin mu farga ya ɗaga murfin babban akwatin.

"Kai, wannan wari! Ke tsohuwa, kafur ɗin kantin duka kika juye a nan? In na mutu ai ko tsutsa ba za ta kusance ni ba." Ya tura hannu ƙasa. "Mene ne wannan? Cokula a cikin kayan mutuwa?"

"Ajiye."

Ya riga ya buɗe. Waƙar ta tsaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a gefen akwatin.

"Tun yaushe?"

"Kafin Ista."

"Shi ya sa gatari. Shi ya sa tsani." Ya nuna ƙirjinsa da yatsa. "Nawa ne?"

Ni na faɗa masa abin da likita ya ce. Ya juya ya dubi gadon jaririn da ke jikin bango, sabo fil, yana ƙanshin katako.

"Shi ya sa kika ce wa yarinyar nan kin gaji."

"Ka kira su, Gavril. Su sauka a gari, su kwana a otal, ko'ina. Kada ya shigo."

"Yau ya kwana a otal. Gobe fa? Badi fa? Sai ya girma bai taɓa shiga gidan kakansa ba? Ke kuma kina nan kina gadin gishiri har ki bushe kamar shi?" Ya ciro macijin daga kan hankicin. "Inna ta ce maciji bai san sunan kowa ba. Wanda ya riƙe masa kyandir ranar binnewa, shi yake ɗauka nasa ne."

"Ƙarya kake. Ba ta taɓa gaya min haka ba."

"Ba a gaya wa baƙi."

"Ni ce baƙuwa? Ni da na wanke ta?"

Har yau ban sani ba ko uwarsa ta faɗa, ko a wurin ya ƙirƙira. Amma na ga Safta ta yarda, don nan take ta miƙa hannu.

"Ba ni. Ni na tsince shi."

"Gidan ubana ne."

"Kai ka iya riƙe kyandir? Sai ka ƙona gemu. Ba ni, tsoho!"

"Na girme ki. Layi ake bi."

"Wa zai koya wa yaron sassaƙa? Ni?"

"Wa zai yi masa wanka? Ni?"

Ta kama ta wajen wutsiya, yana riƙe da wajen kai. Ba wanda ya ja da ƙarfi. Wata 'yar ƙara kawai muka ji, kamar an taka busasshen kara. Gishiri da ɓawo suka zubo a kan dandamali. Kowannensu ya tsaya da rabi a hannu.

Ba wanda ya motsa. Ni dai ina jiran ɗayansu ya faɗi. Safta ta dubi nata rabin, ta dubi fuskar mijinta, ta sa hannu ta taɓa ƙirjinsa. Yana numfashi.

"To," in ji Gavril. "Ya raba mana gardama. Kyandir nawa gare ki?"

"Akwai na Ista guda biyu."

"Ɗauko. Kowa ya riƙe ɗaya, macijin ya fara ɗaukar wanda ya ga dama a cikinmu."

Ta durƙusa ta tattara ɓawon da ya zube, ɗaya bayan ɗaya, har da ƙurar, ta haɗa a hankici. Ya ɗauki shebur a bayan ƙofa, ba ta hana shi ba.

A daidai nan muka ji mota tana hawo tudu, tana ƙugi a kan tsakuwa. Ta tsaya a ƙofar gida. Aka danna ham, aka buɗe murfin motar, sai muryar Domnika tana kiran ubanta, da wani siririn kuka a bayanta.

Gavril ya riga ya fita ta ƙofar baya, ya nufi gindin tuffa. Safta ta tsaya da kyandir biyu a hannu ɗaya, ƙullin hankici a ɗaya, ta juyo gare ni.

"Ilinka, yi sauri ki tare su a bakin shinge. Ki rungume ta, ki yi kuka, ki yaba yaron, ki ja su gidanki ki ba su ruwa, duk abin da za ki yi ki yi. Don Allah kada ki bari ta ƙetare dokin ƙofar nan da shi sai kin ji na kira ki."